Ranar da Na Zuga Ƙirjin Yayana

Mu biyu muka rage a gidanmu, ni da yayana. Gidan yana cikin birni, a wani lungu da mota ba ta shiga, ba nisa da Ƙofar Doka. Maƙerarmu a zaure take. Shi ne maƙerin, ni ne mai zuga. Haka mahaifinmu ya raba mana aikin tun muna yara, ba mu kuma taɓa musanyawa ba. Yana gaban uwar maƙera da masaba a hannu, ina gefe a zaune da zuga-zugi biyu na fatar akuya, in hannun dama ya sauka na hagu ya tashi. Mun fi shekara arba'in a haka.

Matata ta rasu, tasa ta bi ta bayan damina biyu. Na binne 'ya'ya biyu, na ukun yana can kudu, yakan kira a waya in salla ta zo. Shi Yaya Allah bai ba shi haihuwa ba. Da rana mu yi aiki, da yamma mu ci abin da ya samu a kwano ɗaya. Ba mu cika magana ba. Akan wuni abin da zai ce mini bai wuce "ƙara" da "ya isa" ba.

Sauran maƙera sun koma fanka, irin wadda ake haɗawa da wilin keke ana juyawa. Yaya ya ƙi. Ya ce iskar fanka ba ta san ƙarfe ba. Na san ba wannan ne dalilin ba. In fanka ta shigo zauren, ni ba ni da wurin zama.

Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Abin da na sani wuta. In gawayi ya fara duhu, iska yake nema, sai ka ƙara. In ya ƙi yin ja, ka ƙara sauri. Ba tunani ake yi ba, ido ne ke gani, hannu ya aikata.

Hayaƙi ne ya cinye wa Yaya huhu. Ya yi shekaru yana tari. Daga baya ya zama in ya ja numfashi yana shiga, amma fitarsa sai ya tsuke baki kamar mai hura koko, ya daɗe yana turawa, ƙirjin na fito. Wata rana ya dube ni bayan tarin ya lafa, ya ce, "Hayaƙin nan tare muka sha, amma ga ka nan kamar jaki."

Na ce, "Ni ina bayan iska, kai kana gabanta."

Ya ce, "Wato kai ka hura mini shi."

Na ce, "Kai ka ce in ƙara."

Abin ya faru farkon damina, lokacin da manoman ƙauye ke kawo fartanya da garma a gyara musu. Da hantsi ne. Ya ɗaga masaba, bai sauke ta a kan ƙarfen ba, ya ajiye ta a ƙasa a hankali. Ya dafa gwiwoyinsa ya sunkuya. Na ga jijiyoyin wuyansa sun fito, leɓensa ya yi baƙi. Na kira shi, bai iya amsawa ba. Maƙwabcinmu baduku ne, shi ya taya ni muka sa shi a baro muka tura har bakin lungu, muka samu keke mai ƙafa uku. Badukun ya raka mu asibiti, sannan ya juya don ya rufe mana zaure ya kashe wutar da muka bari. Na saura ni kaɗai.

Aka shiga da shi wani ɗaki mai gadaje da labule. Likitar da ta karɓe shi mace ce, ba za ta wuce sa'ar ɗana ba. Ba ta ɓata lokaci ba. Suka yi masa allura ya yi laushi, suka zura masa wata roba ta baki har maƙogwaro, suka ɗaure ta. A bakin robar suka haɗa wata jaka ta roba mai kama da gora, da siririn tiyo da ya taho daga tukunyar iska. Wani nas ya riƙe jakar yana matsawa. In ya matsa, ƙirjin Yaya ya tashi. In ya saki, ya sauka. A saman gadon akwai wani akwati mai gilashi, yana ƙara ɗaya-ɗaya, da rubutu da zane da ban iya karantawa ba.

Likitar ta ce, "Baba, kai ne ɗan'uwansa?"

Na ce, "Ƙanensa."

Ta ce ba zai iya numfashi da kansa ba yanzu. Akwai injin da ke yi wa mutum, amma guda biyu ne, kuma kowanne da mutum a kai. Ɗaya daga cikin mutanen yana samun sauƙi, ana sa ran cire shi zuwa la'asar. Kafin nan, hannu ne zai riƙe yayana. In hannu ya tsaya, ya tafi.

Ba a jima ba aka shigo da wasu mutane da mota ta kife da su. Ɗakin ya cika da jini da kuka. Ana ta kiran nas ɗin, shi kuma hannunsa na kan jakar. Ya waiwayo ya dube ni, ya dubi hannuwana.

"Baba, mene ne sana'arka?"

"Zuga nake yi a maƙera."

Ya yi dariya. Daga bakinsa na gane Bakano ne. Ya ce, "To ai an zo gidan. Matso. Ka ga, da hannu ɗaya za ka matsa, ba duka ba, rabi. Ka ga ƙirji ya tashi, ka saki. Sai ka ƙirga shida kafin ka sake. Bazazzagi ya iya ƙirga shida kuwa?"

Na ce, "Mu muka koya muku."

Ya ce, "Za mu gani. A hankali dai, Baba. Ina nan kusa, in ka ga wani abu ka kira." Ya tsaya ya ga na yi sau uku, ya ce daidai, ya ruga.

Na fara kamar yadda ya ce. Matsa, saki, ɗaya, biyu, har shida. Jakar ba ta da nauyi, ko kusa da fata ba ta kai ba. Na ce a raina wannan ba aiki ba ne. Amma ina kallon fuskarsa. Leɓen bai washe ba. Farcensa ma ya yi duhu. Sai na ga shida ta yi nisa. Mutum yana neman iska, ga ta a hannuna, ina zaune ina ƙirge. Na koma huɗu. Na koma biyu. Ban san lokacin da na daina ƙirgen ba, ban kuma san lokacin da hannun hagu ya shigo ba. Na dai tsinci kaina ina matsa jakar da hannu biyu har ƙarshenta, da saurin da nake yi in ana son ƙarfe ya yi fari.

Ƙirjin ya tashi, ya ƙara tashi, ya daina sauka sosai. Na ji jakar ta fara tauri a hannuna. A maƙera in fata ta yi tauri, bakin bututu ne ya toshe da toka, maganinsa ka danna da ƙarfi ya buɗe. Na danna da ƙarfi.

Fuskar ba ta yi ja ba. Ta koma kalar toka. Akwatin ya sauya murya, ya fara ihu ba tsayawa. Na ɗauka cewa yake iska ta yi kaɗan. Na ƙara.

Likitar ce ta iso. Hannunta duk jinin wani. Ta ɗora yatsu a wuyan Yaya, ta dubi akwatin, ta dubi hannuna. Ta ce, "Saki."

Na ce, "Zai mutu."

Ta ce, "Saki, Baba."

Ban saki ba. Sai ta kama bakin jakar ta zare ta daga robar gaba ɗaya. Na zauna da jaka a hannu ba ta haɗe da kowa. Ta ɗora tafukanta biyu a ƙirjinsa ta danna a hankali. Iska ta fara fita ta robar, da ƙara kamar tayar da ƙusa ta huda. Ta daɗe tana fita. Ban taɓa sanin ƙirjin mutum na ɗaukar iska haka ba. Ba wanda ke ba shi numfashi, ita kuwa ta tsaya tana jira, yatsunta sun koma wuyansa. Na ji kamar in ture ta.

Can ta ce, "Ya dawo." Akwatin ya koma ƙararsa ta ɗaya-ɗaya. Ta karɓi jakar ta mayar, ta matsa sau ɗaya, ta jira, ta sake. Ta sa nas ɗin ya buɗe ƙarin ruwan da ke hannun Yaya ya riƙa zuba da sauri. Bakanon ko kallona bai yi ba wannan karon.

Tana matsawa tana yi mini magana, ba faɗa. Ta ce, "Baba, huhu da zuciya ɗaki ɗaya suke, kuma ɗakin ba ya faɗaɗa yadda aka ga dama. In mutum yana numfashi da kansa, ƙirji buɗewa yake yi ya jawo iska, kuma wannan jan yana taya jini komawa zuciya. Jakar nan ba ja take yi ba, turawa take. Kowace turawa tana matse zuciya da manyan jijiyoyin da ke dawo mata da jini. In ka saki ka jira, sai su samu hanya."

Na ce, "Na ga ya yi baƙi ne."

Ta ce, "Na sani. Amma huhunsa yana karɓa, fitarwa ce ke masa wuya. Ba ka ga yadda yake yi a gida ba? Kafin ta farko ta fita ka tura ta biyu. Ta taru ta cika ɗakin, jini ya rasa ta inda zai shiga. Zuciyar tana bugawa, amma ba komai a cikinta. Ka taɓa ɗaga ƙarfe mai nauyi ka riƙe numfashi har ka ga duhu-duhu?"

Na ce na taɓa.

Ta ce, "To shi ne, sai dai shi ba shi da ikon saki."

Na gane. Fatar zuga in ba ka bar ta ta buɗe ta cika ba, ko ka danna ta da ƙarfin duniya ba abin da zai fito. Na san wannan tun ina ɗan shekara goma. Ban san zuciya ma haka take ba. Ashe ina ba shi iska ina hana shi jini.

Na ɗauka za ta kore ni. Ta waiga, ɗakin har yanzu ba hannun da ba ya aiki. Ta miƙo mini jakar. Na ce, "Ki ba wani."

Ta ce, "Wa?"

Na karɓa. Ta ce kada in dubi leɓensa, in dubi ƙirji, kada in matsa sai ya gama sauka. Na ce mata ƙirge ba ya riƙe ni. Sai ta ce, "Kana tasbihi? Ka matsa, ka saki, ka ce subhanallahi walhamdu lillahi wa la ilaha illallahu wallahu akbar, ba da gaggawa ba. In ka kai ƙarshe ka duba ƙirjin, sannan ka sake."

Na zauna a kan hannuna na hagu don kada ya sake shigowa. Haka na yi tun kafin azahar har la'asar ta wuce. Na ji kiran salla sau biyu daga wani masallaci a waje, ban tashi ba. Aikin da ya fi mini wuya a rayuwata shi ne jiran nan tsakanin matsa da matsa. Hannu na cewa yi, ina ce masa tsaya. Mutane na wucewa ta bayana, ana tura gadaje, wata mata na kiran sunan ɗanta. Ba wanda ya san ni a wurin. Wanda ya san ni yana kwance da roba a baki.

Bakanon ya zo sau biyu ya karɓe ni na miƙe ƙafa. A na biyun ya miƙo mini ruwan leda, ya ce, "Ashe dai kun iya ƙirgen, sai an haɗa muku da carbi." Na sha ruwan. Ya ce, "Ni ma da laifina, Baba. Na ji ka ce zuga, na yi murna, ban yi tunanin irin zugar ba."

Da yamma injin ya samu. Aka tura Yaya wani ɗaki mai sanyi, aka haɗa shi. Suka bar ni na leƙa. Na tsaya ina sauraron injin. Turawarsa gajeriya ce, jiransa dogo. Likitar ta ce da gangan ta saita shi haka saboda irin huhunsa, kuma ko injin ma sai ana lura, don shi ma turawa yake yi, yana iya danne jinin. Shi ya sa ba sa ɗauke ido daga akwatin.

Kwana shida ya yi a ɗakin. Sau biyu a rana ake bari in shiga, na ɗan lokaci. Sauran wunin ina kan benci a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya tare da masu jinya. Su suna da 'yan'uwa, ana kawo musu abinci a kula, suna musayar zama. Sukan ce in matso mu ci, in ce na ƙoshi. Badukun ya zo sau biyu. Na kira ɗana, ya ce zai nemi izini a wurin aiki.

A rana ta huɗu na shiga na tarar idonsa a buɗe. Ba ya iya magana saboda robar. Na ce, "Yaya, ni ne." Ya dube ni ya daɗe. Sai na gaya masa wani manomi da ya kawo mana garma gyara ya dawo, na ce wa mutumin ya ƙara haƙuri. Ya ɗan ɗaga hannu, ya haɗa yatsu ya nuna bakinsa, sannan ya nuna ni. Tambaya yake ko na ci abinci. Na ce na ci. Ya lumshe ido. Na so in gaya masa abin da na yi masa da jakar. Na tsaya har aka ce lokaci ya yi, ban faɗa ba.

Washegari zazzaɓi ya rufe shi. Suka ce ciwon ya sake kama huhun, jininsa na sauka, suna ba shi maganin da ke ɗaga shi. A rana ta shida da hantsi aka aiko in zo. Na shiga na ga likitar a tsaye, akwatin an kashe masa murya. Ta ce, "Baba, sai haƙuri. Allah ya yi masa rasuwa."

Na dubi gadon. Ƙirjinsa na tashi yana sauka.

Na ce, "Ga shi yana numfashi."

Ta ce, "Injin ne. Zuciyar ta tsaya, mun yi abin da za mu iya ba ta tashi ba." Ta kama hannuna ta ɗora a wuyansa. Ba komai. Ta bar ni na daɗe a haka, ƙirjin na ta aikinsa a ƙarƙashin idona. Sannan ta ce, "In kashe?" Na ɗaga kai. Ta kashe. Ƙirjin ya sauka a hankali, bai sake tashi ba. Na yi salati, na shafe masa ido.

Kafin in fita na tambaye ta. Na ce, "Likita, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Abin da na yi ranar nan, shi ne?"

Ta ce, "A'a. Jininsa ya dawo a lokacin, ka gani da idonka, har ya farka ya gane ka. Huhun ne ya ƙare, tun kafin ku zo."

Na ce, "Da ba ki iso ba fa?"

Ta ce, "Ai na iso."

Har yau ban san ko duka gaskiyar ta faɗa mini ba, ko ta rage wani abu don ta ga tsoho. Ba ni da ilimin da zan auna maganarta. Na karɓa a yadda ta ba ni.

Muka kai shi kafin la'asar. Ɗana ya iso bayan kwana biyu, ya yi kwana uku ya koma. An yi zaman makoki a ƙofar gida, a kan tabarmin da maƙwabta suka kawo. Badukun ya riga ya ba kowa labari. Duk wanda ya zo, bayan ya yi addu'a, sai ya ce ya ji yadda na riƙe ran ɗan'uwana da hannuna wuni guda, ko salla ban tashi ba. Limaminmu ya ce irin wannan zumunci ya yi ƙaranci a yanzu. Wani tsohon maƙeri ya kama hannuna na dama ya jujjuya, ya ce Allah ne ya sa mai zuga ne a wurin, da wani ne da ba a kai la'asar ba.

Na ce, "Allah ya ba da lada."

Mutum biyu ne suka san abin da ya faru a ɗakin nan ban da ni, kuma ba na jin za su tuna fuskata yanzu. Da aka watse rana ta bakwai, na naɗe tabarmin na mayar wa masu su, gida gida. Na dawo na rufe ƙofa. Na ɗora ruwa, na auna gari, sai da na zuba na ga na auna na mutum biyu.